Faifai Biyu a Ofishin Surukina

A ƙarshen shekarun tamanin surukina ya sayi kwamfuta. Mu a gidan rediyo na'ura mai ƙwaƙwalwa muke ce mata, amma leburorin sitonsa a Funtuwa talabijin ɗin Alhaji suke kiranta, suna mamakin talabijin da ba ta nuna kowa. Sana'ar Alhaji sayen auduga. Idan kasuwa ta buɗe bayan kaka, manoma daga Dayi da ƙauyukan Malumfashi sukan kawo tasu, a ɗora a sikeli, a duba darajarta, akawu ya rubuta wa kowa takardar awonsa. Wannan aiki na akawu aka so kwamfutar ta ɗauka.

Wanda ya rubuta mata tsarin aikin, abin da yau ake kira manhaja, babban ɗan Alhaji ne, wan matata. Tare muka yi sakandare da shi, ta hanyarsa ma na san ƙanwarsa. Ya yi karatun lissafi a Zariya, aka ba shi aiki a Kaduna, ya ajiye ya dawo gida. Bai taɓa faɗa mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba, domin na sani. Ɗan fari ne. Alhaji ba ya kiran sunansa, ba ya hira da shi, ba ya yabonsa. In zai ambace shi sai ya ce "yaron nan", yana kallon wani wuri. Haka iyayenmu suke da 'ya'yan fari, kuma kowa ya san kunya ce, ba ƙiyayya ba. Amma shi tun yarinta yake zaune da wannan shiru. So yake ya yi wani abu a sana'ar uban wanda zai sa ya gani, ko a fuska ne, cewa dawowarsa ta yi amfani. In bai gani ba, Kaduna na nan.

Mutumin da ya sayar musu da kwamfutar ɗan kudu ne mai shago a Kaduna, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya ce kafin a damƙa wa manhajar awon manoma, dole a gwada ta, kuma yana da faifai biyu da za su taimaka. Alhaji ya ce ɗaya zai ɗauka, domin ba ya sayen abu biyu da bai gane ba a rana ɗaya. Ya aika wa matata cewa mijinta ya zo ya yi tafinta, tunda aikinsa ke nan.

Tare muka taho da matata, ta wuce gidan iyayenta. Wan matata ya ɗauke ni a tasha a kan babur ɗinsa.

"Sarkin murya, an sauka lafiya? Yau fa kai ne alƙali."

"Tafinta aka ce mini."

"Wa ya gaya maka? Ni ba zai tambaye ni ba. Wancan kuma ɗan kasuwa ne. Kai ka rage."

A hanya ya yi mini bayani, yana ɗaga murya saboda iska. Faifai na farko mai gwaji ne. Shi da kansa yake cusa wa manhaja bayanai iri-iri, masu kyau da gurɓatattu, ya ga inda za ta faɗi, sannan ya jera kurakuran. Na biyu ba ya gano komai. Aikinsa ya riƙe wa mutum tsarin gwajin: me aka gwada, wa ya gwada, me ya rage, me aka gyara.

"Na biyun nake so," ya ce. "Gwaji ni zan yi da hannuna, ni da akawu, a hankali. Na san inda nake shakka. Abin da ba ni da shi shi ne mai tuna mini inda na tsaya."

"Kai ka rubuta, kai kuma za ka duba?"

"Wa ya fi ni sanin ta?"

A ɗakin labarai abu na farko da aka koya mana shi ne mai fassara ba ya tace fassararsa. Ido yakan tsallake kuskuren mai shi. Na riga na yanke hukunci tun kafin mu wuce kasuwa.

Ofishin ɗaki ne a gefen sito, da fanka a sama, da gashin auduga a kan komai in ban da kwamfutar, wadda ake lulluɓewa da zane. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaida Alhaji. Ya amsa yana duban carbinsa, ya tambayi mutanen gidana, ban ɗaga kai ba. An kawo fura, ban sha ba, ba a shan abu a gaban suruki. Ga mu mu uku da ba mu iya haɗa ido: Alhaji a kujera, ɗansa a tsaye bayan kwamfuta, ni a benci kusa da ƙofa. Mai shagon ne kaɗai yake kallon kowa a ido. Akawu da tsohon mai sikeli suna daga bakin taga.

Mai shagon ya yi bayanin faya-fayansa, ni ina mayarwa da Hausa. Na yi aikin yadda ya kamata. Ban ƙara wa ɗaya gishiri ba, ban rage wa ɗaya ba. Da ya gama, Alhaji ya ce wa bango:

"To Malam, wanne ka gani?"

Na ce, "Baba, a ganina mai gwajin ya fi. Na biyun zai faɗa mana abin da muka duba ne kawai. Na farkon zai faɗa mana abin da ba mu duba ba."

Maganar daidai ce, har yau ina ganin daidai ce. Da na tsaya nan, da an sayi faifan, an bar wa mai manhajar ya sa shi bayan kowa ya watse. Amma na ji daɗin yadda jimlar ta fito, sai na ƙara:

"In an yarda ma, a gwada mana yanzu mu gani."

Mai shagon ya dubi wan matata, kamar mai neman izini. Shi baƙo ya gane abin da ni ɗan gida ban gane ba. Wan matata ya ɗaga kafaɗa ya matsa gefe. Aka zura faifan, na'urar ta yi ta ƙugi, rubutu yana gudu a gilashi. Can sai injin buga takarda ya fara ƙara, ya turo doguwar takarda mai huje-huje a gefe. Mai shagon ya yage ta, ya tsaya da ita a hannu bai san wa zai ba ba.

"A ba Malam," in ji Alhaji. "Me ta ce?"

Na miƙe tsaye, na riƙe takardar kamar yadda nake riƙe takardar labarai. Murya tana da ɗabi'arta. Da zarar an ba ni takarda, ƙirjina yakan buɗe, in daidaita numfashi, in tsaya a inda ake tsayawa. Da wannan muryar na karanta.

Na karanta cewa idan manoma biyu daga ƙauye ɗaya suna da suna ɗaya, manhajar za ta haɗa audugarsu ta ba mutum guda. Mai sikeli ya ce daga taga, "Tab! A Dayi ai rabin gari suna ɗaya gare su." Akawu ya yi dariya, ya rufe baki. Na karanta cewa idan an manta ba a sa nauyi ba, sai ta tsaya cak. Na karanta cewa suna in ya yi tsawo sai ta guntule shi. Na karanta cewa in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, abin da aka shigar tun safe ya tafi. Akwai ƙanana da ko mai shagon ya ce ba su da muhimmanci, su ma na fassara su, na nemo wa kowanne kalmar da ta dace. Har na tsaya sau ɗaya na gyara kaina, domin na ce "ɓacewa" inda "gogewa" ta fi daidai.

Sai da na kai ƙasan takardar na ɗaga ido. Wan matata yana tsaye yana naɗe zanen da ake lulluɓe kwamfutar, ya ninka shi, ya sake ninkawa, har ya zama kamar hankici. Alhaji ya tashi ya ce lokacin azahar ya yi. Ba a yi kira ba tukuna, kowa ya sani. Daga bakin ƙofa ya ce wa akawu a sallami baƙo, an ɗauki na farkon, ya fita.

Na tsaya da takarda a hannu. Wan matata ya karɓe ta a hankali.

"An gama labaran duniya?" ya ce. "Babu na wasanni?"

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. "Ba ka yi ƙarya ba. Je ka sha furarka, ya fita."

Da yamma matata ta same ni a ɗakin baƙi na gidansu. Ta riga ta ji komai daga cikin gida.

"Malam, me ya kai ka?"

"An tambaye ni."

"An tambaye ka wanne, ba a ce ka kafa kotu ba." Ta zauna a bakin gado. "Ka san abin da Baba ya ce wa Inna? Bai ci abincin rana ba. Cewa ya yi, ashe abin da yaron nan ya gina yana da girman da injin Turawa zai zauna yana lalube a ciki? Ya ce shi ya ɗauka 'yar takarda ce. Ya ce ya fita ne don ba zai iya kallonsa ana yi masa haka ba."

"To ki faɗa wa Yaya."

"In ni na faɗa, zai ce lallashin ƙanwa ne. Kai ka ɓata, kai za ka kai."

Na koma sito kafin magariba. Yana zaune gaban kwamfutar da takardar a gefe, ya riga ya ja layi a kan biyu daga cikin kurakuran. Na faɗa masa abin da Alhaji ya ce, kalma da kalma, kamar yadda na ji daga matata. Bai juyo ba.

"Daga Baba zuwa Inna, daga Inna zuwa ƙanwata, daga ita zuwa gare ka. A gidan rediyonku kuna karanta labari mai irin wannan tafiya?"

"Wallahi haka ya ce."

"Da safe na yarda da kai, domin na san ba ka ƙari. Yanzu kuma kunya ta sa ka zo da ƙari. Bar shi, mutumina. Ni na ga bayansa yana fita. Wannan ba sai an fassara mini ba."

Ya gyara manhajar kafin kasuwa ta buɗe. Faifan ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Yakan gyara, ya sa shi, ya sake gyarawa, shi kaɗai, ƙofa a rufe. A wannan kakar masu suna ɗaya daga Dayi kowa ya karɓi takardarsa daban, wuta ta ɗauke ba adadi ba a rasa komai ba. Akawu ya koyi aikin. Alhaji yakan tsaya a bayan akawu yana kallon gilashin, amma sai ranar da ɗansa ba ya nan. Da aka rufe kasuwa wan matata ya nemi aikin Kaduna, aka sake ba shi, ya tafi. Ya je sallama, Alhaji ya ce Allah ya kiyaye hanya, yana kallon carbi.

Muka zama 'yan gari ɗaya da shi, domin ni ma a Kaduna nake, unguwa ba nisa, amma ba na zuwa sai in matata ta ja ni. A wurin aiki kuma aka fara cewa ina sassarfa a karatu. Shugaban sashenmu ya tambaye ni ko mura nake yi. Gaskiyar ita ce, duk lokacin da na ji ƙirjina ya buɗe, muryar ta zauna daram, sai in tuna zanen nan ana ninka shi.

Da damina ta kama muka je Funtuwa gaisuwa. Na durƙusa a zaure zan yi sallama, Alhaji ya ce wa ƙofa:

"Malam, kuna haɗuwa da yaron nan?"

"Muna haɗuwa, Baba."

"Yana lafiya?"

"Lafiya lau."

Na jira. Na so in ce masa, Baba, kalma ɗaya daga bakinka ta isa. Ba a faɗa wa suruki haka. Ya jawo wata kwalbar zuma daga ƙarƙashin kujera, an toshe bakinta da totuwar masara, ya tura ta gabana da yatsa.

"To," ya ce.

Na riƙe ta a cinya har Kaduna. Washegari na kai ta da kaina, ban jira matata ba. Wan matata ya buɗe ƙofa da singileti, ya dubi kwalbar. Ya san ta, irin wadda wani manomi yake kawo wa Alhaji duk shekara ce, ba ya ba kowa.

"Me ya ce?"

"Ya tambaya ko kana lafiya."

"Sai me?"

"Sai ya ce, to."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya juya kwalbar a hannunsa, ya cire totuwar ya shinshina.

"Wannan na yarda," ya ce. "Shigo mana, ka tsaya a ƙofa kamar mai karanta mitar lantarki."