Kaɗanyun Kaka Guda Bakwai

Mantuwa ya yi, ko kuwa yana sane ya faɗa? Kwana arba'in ke nan da rasuwar mijina Salifu, ina kuka ina juya maganar. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa.

A Salaga na tashi, tun Turawa ba su tafi ba, a hannun kakata da aka auro daga Yendi. Da damina, bayan magariba, takan ɗora tukunyar 'ya'yan kaɗanya a murhu, mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi na cin idonmu. Akwai tatsuniyar da ta fi so.

Wai kaɗanya ce ta roƙi wani manomi, in zai ƙona ciyawa ya ƙona tun da sauran ɗanye, kafin furenta ya fito. Ya ƙi. Ya jira daji ya bushe ƙayau, don yana kwaɗayin gafiya. Ya cinna wuta, fure ya ƙone, ƙananan tsiro suka ƙone. Gafiya ɗaya ya kamo, matarsa ta ce babu man suya. Haka ya gwaguye ta a bushe.

Mu yi ta dariya, Kaka ta tofar da yawu cikin toka.

"Dariya kuke, 'yan nema? Kakanku ne fa, sunan kawai na ɓoye."

Kaɗanya bakwai gare ta a bakin gona. A wajenmu ba a shuka kaɗanya. Tsiro ta tarar, ta kewaye su da duwatsu, kowace shekara ta nome gindinsu kafin lokacin gobara. Sai da ta yi furfura suka fara 'ya'ya. Ni ta bar wa su.

Shekara biyu da aurena Salifu ya tara kara a gindinsu ya sa wuta, don su mutu a tsaye doya ta sami abin hawa. Kowa haka yake yi, in ji shi. Na tarar da su baƙi ƙirin, ƙaro na tsiyaya. Ranar na gane abin da ya hana Kaka dariya. Damina biyu doyar ta yi, ƙasa ta gaji. Tir. Tun daga nan wurin matan garin Bawku nake sayen man kaɗe a kasuwa, bai taɓa tambayar inda nake samu ba.

Da ciwo ya kwantar da shi ƙafafunsa suka tsattsage. Ranar da zai cika ina shafa masa mai, sai ya shinshina, ya buɗe ido.

"Adisa, wannan na kasuwa ne. Ɗauko mini na gida, na Kaka."