Ƙodar Magen Kapiten

Shekara talatin da ɗoriya na yi a aikin kiwo, amma ban taɓa mantawa da safiyar da aka sauke ni daga motar rigakafi saboda mage ba. A lokacin farin 1984 ne, ina Tasawa. Muƙamina mataimakin likitan dabbobi, wato ni ke allura, ni ke duba nama a mahauta, ni ke feɗe mushe in rubuta rapor. Babban dokta yana Maraɗi, shi ke karanta abin da muka rubuta.

Ranar mun shirya zuwa Kona. Makiyaya sun tara ɗan abin da fari ya bar musu a bakin rijiya suna jiranmu. Maganin rigakafi yana cikin ƙanƙara, isansin, wato man mota, kuma sati uku muka yi muna roƙonsa. Har direba ya tada mota sai ga soja ya tsaya a gabanta, ya ce Kapiten na kirana. Wannan Kapiten hafsa ne da aka turo daga Yamai don sa ido kan rabon hatsin taimako. Ba shi ne shugabana ba, amma a wancan zamani mai kaki ba ya kira ka ce sai ka dawo.

A ƙofar gidansa na tarar da wata tsohuwa zaune a ƙasa. Ta kama bakin rigata ta ce, “Likita, ni ce Rabi matar Ilu kuku. Daga Korgom na taho da amalanke. Sun ce ya ba mage guba. Wallahi ko kaza sai ya kau da kai in ana yankawa.”

A ciki na ga abin da ban taɓa gani ba sai a littafin lakwal, wato makaranta: maguna irin na Farisa, masu dogon gashi da bajajjen hanci. Madam, matar Kapiten, ta saye su ne wurin wata Bafaransa da za ta koma gida, har da takardar asali. Uwarsu ta mutu da asuba. Babban ɗanta, muzuru mai shekara biyar, yana kwance ya rame, ga ƙanana huɗu suna wasa a kan kujera.

Kapiten ya ce, “Kuku ne. An ji shi yana cewa magen nan na cin sardin da madara, jikokinsa na cin dussa. Ka duba, ka rubuta guba, ka buga hatimi.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, ƙa'idar aiki sai na feɗe tukuna.”

Na shimfiɗa buhu a bayan kicin, daura da ɗan ɗakin ajiyar gawayi inda aka kulle Baba Ilu. Ina jin tarinsa ina aiki. Guba tana da alamunta: takan ƙone ciki, ta zubar da jini a hanji, ta kashe cikin yini ɗaya ko biyu. Cikin magen nan fes yake. Da na iso ƙoda sai na tsaya. Kowace ta kusa ninka girmanta, ta cika da ƙurarraji masu ruwa, manya da ƙanana, har naman kirki ya kusa ƙarewa. Irin wannan ba ya fitowa cikin sati, shekaru yake yi yana cin jiki.

Na tambayi Madam yadda ciwon ya fara. Ta ce wata huɗu ke nan magen na shan ruwa ba ƙoshi, tana yawan fitsari, tana amai. Na ɗauki muzurun na lalubi bayan haƙarƙarinsa, sai na ji ƙodojinsa gudaji gudaji a ƙarƙashin yatsuna. Na ce a kawo mini takardar asalin. Madam ta ciro ta daga cikin leda tana alfahari. Na bi sunayen da yatsa, sai ga sunan muzuru ɗaya ya fito a matsayin kaka ta wajen uwa da ta wajen uba. Ƙananan huɗu kuma, Madam da bakinta ta ce wannan muzurun ne ya haife su da uwarsa, don kada jinin ya gauraya da na magen gari.

A lokacin ban san sunan ciwon ba, kuma ba mu da na'urar leƙa cikin dabba. Amma duk makiyayi ya san abin da ke faruwa in bunsuru ɗaya ya daɗe yana hawan 'ya'yansa.

Na ɗora ƙodar a faranti na kai wa Kapiten. Na ce, “Ranka shi daɗe, ba guba ba ce. Ciwon gado ne, da shi aka haife ta. Muzurun ma yana da shi, ba zai daɗe ba. Cikin ƙananan ma da wuya a rasa masu shi. Shawarata kada a ƙara haɗa su, kada kuma a ba kowa su don iri.”

Madam ta ce, “Magen da ke da takarda ce za ka ce jininta ba shi da kyau?”

Na ce, “Takardar ce ta gaya mini, Madam.”

Kapiten ya dube ni ya ce, “Ka san da wa kake magana?”

Ina da mata da 'ya'ya uku. Amma in na rubuta guba, tsohon nan kurkuku za shi, kuma da ƙarfin da ya rage masa ba lalle ya fito ba. Na ce, “Na sani, ranka shi daɗe. Amma rapor kofi uku ne, ɗaya na Maraɗi ne, kuma ƙodar za ta bi shi cikin kwalba. In na rubuta guba, dokta zai buɗe kwalbar ya ga ƙarya.”

Gaskiya ba a saba aika kwalba don mage ba, amma na aika. Kafin azahar na ba direban motar kasuwa ita da takardar. Zuwa lokacin ƙanƙara ta narke, maganin rigakafi ya lalace, mutanen Kona sun gaji da jira sun kora dabbobinsu. Har yau in na tuna wannan raina yakan ɓaci.

Sai da Baba Ilu ya ƙara kwana uku a ɗakin gawayi, duk da raporna na kan teburin Kapiten. Ranar da muzurun ya mutu, alhali kuku na kulle kuma Madam ce da hannunta ke ba shi abinci, aka buɗe masa ƙofa. Ba wanda ya ba shi haƙuri. An dai ce ya kwashe tabarmarsa ya bar gidan.

Ya biyo ta biro, wato ofishinmu, shi da Inna Rabi, shatin igiya a wuyan hannunsa. Na wanke masa na shafa magani. Na zaci zagi zan ji. Sai ya ce, “Ɗana, su ƙananan hwa, babu magani? Ni na raine su. Fara ɗin nan ba ta cin abinci sai na zauna kusa da ita.”

Na ci gaba da shafa masa maganin a hannu.

Ƙananan kuwa, kafin wata biyu Madam ta rarraba su kyauta a gidajen manya, kowace da kofin takardar asalinta, ba ta gaya wa kowa kome ba. Ni kuma aka aiko mini da takardar canjin wurin aiki zuwa Attantane, wai don buƙatar aiki. Shekara shida na yi can, babu mota, sai raƙumin aro.

Ku da kuka shigo aikin yanzu kuna da na'urori, kuna iya gane irin wannan ciwo tun dabba na ƙarama. Ku duba kafin a haɗa iri, ko mage ce ko jar akuya, kuma kada takarda ta rufe muku ido. Amma abin da na fi son ku riƙe shi ne wannan: in dabbar babban mutum ta mutu, kafin ku iso an riga an sami mai laifi, kuma kusan kullum shi ne wanda ya fi kowa talauci a gidan. Ku za a kira ku buga hatimi a kai. Ku feɗe tukuna.