Baba Direba da Dakalin Tsohon Sito

Ƙarfe biyar da rabi na safe Baba Direba ya riga ya shiga farfajiyar makaranta, tsumma a kafaɗa, fulas ɗin shayi a hannu. Yakan zagaya bas ɗinsa sau ɗaya yana shurin kowace taya da ƙafa, ya duba ruwa da mai, ya goge madubi, sannan ya zauna ya kurɓi shayinsa a tsanake. Kafin gari ya gama wayewa ya tayar da inji. Shekara ashirin da shida ya yi yana haka, har ya ajiye aiki a ƙarshen watan jiya, kuma ban ga dalilin da zai sa a bar shi ya tafi shiru ba.

Makarantar ta 'ya'yan baƙi ce, irin wadda ake kira ta ƙasa da ƙasa, inda yaran da aiki ya kawo iyayensu daga nesa suke karatu da harshen da suka zo da shi. Birnin kuwa tsoho ne tukuf. Waɗanda suka shimfiɗa lungunansa da dutse ba su taɓa mafarkin mota ba, ƙofofin ganuwarsa kuma an yi su ne daidai jaki da kayansa. Baƙon da ya sauka, ofishin makaranta zai miƙa masa takarda mai ƙyalli da taswira a baya, dillalan gidaje kuma su yi masa caa, kowa na rantsuwa cewa gidansa minti goma ne zuwa makaranta. Wanda Allah ya so da rahama shi ne wanda wani zai ja gefe ya ce masa, "Kafin ka sa hannu a kan komai, je ka ga Baba Direba."

Shi kuwa ba ya cewa unguwa kaza ta fi kaza. Magana ɗaya gare shi: "Gobe da sassafe ku zo, kai da yaron, ku hau mu zagaya." Sai uba ya zauna a kujerar da ɗansa zai riƙa zama, ya ga yadda bas ke tsayawa a ƙofar ganuwa tana jiran masu kurar kayan miya su gama wucewa. Ya ga unguwar da a taswira taku ɗaya ce daga makaranta, amma sai an yi minti hamsin ana kewaye saboda lungun hanya ɗaya ne. Ya ga 'ya'yan masu gidajen kan tudu, gidaje masu kyan kallo, suna barci baki buɗe tun kafin a yi rabin tafiya. In sun sauka Baba ya ce, "To, ka gani da idonka. Taswira ba ta san ƙarfe bakwai na safe ba." Iyalai nawa wannan zagayen ya raba da da-na-sani, ko shi bai ƙirga ba.

Shekara huɗu da suka wuce wata likita ta zo birnin da 'yarta ɗaya, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da uwar ke kira Gimbiya. Gimbiya da sanduna biyu take tafiya tun tana ƙarama, kuma a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ta neman taimakon kowa. Asibitin da ya ɗauki uwar aiki ya ba ta mako biyu ta sami matsuguni. Makarantar nan kaɗai ce ke koyarwa da harshen da yarinyar ta sani, likita kuma tana fita tun kafin bas ta fito, don haka ko dai bas ɗin Baba ta ɗauki Gimbiya, ko su tattara su koma inda suka fito.

Suka zo zagayen safe kamar kowa. Baba ya riga ya gama tunaninsa, ya ware musu unguwanni biyu marasa hawa da gangara. Abu ɗaya ya manta, kuma shi da kansa yake faɗa har yau yana girgiza kai: ƙofar motarsa. Daga ƙasa zuwa cikin bas tsayin gwiwar babban mutum ne. Da ya ga yarinyar ta tsaya tana kallon wurin, sai ya sunkuya zai ɗaga ta, yadda yake yi wa 'yan ƙanana kullum.

"Kada ka taɓa ni, Baba," in ji Gimbiya.

Ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta.

"Ki yi haƙuri, uwar ɗakina. Na yi kuskure."

Uwar ce ta yi masa bayani a gefe, murya ƙasa-ƙasa. A tsohuwar makarantarsu mai gadi ne ke saɓa yarinyar a kafaɗa ya hau da ita bene kowace safiya, har yara suka sa mata suna Buhu. Tun daga nan ta yi rantsuwa ba wanda zai sake ɗaukarta a gaban yara. "In dai sai an ɗauke ta, Baba, ba za ta zo ba. Na san 'yata. Ni kuma ba zan tilasta mata ba."

Baba ya ƙura wa ƙofar ido. Can ya ce, "Likita, kada ki karɓi gida, kada kuma ki haɗa kaya. Ki ba ni kwana uku."

Ya samo sanda, ya dasa ta a ƙasa jikin ƙofar bas, ya yi mata tsaga da wuƙa daidai tsayin daɓen motar. Ranar hutu ya ɗauki sandar ya shiga birni da ƙafa. Duk dakalin da ya gani a bakin hanya sai ya jingina sanda ya auna. Wannan ya yi gajere, wancan ya yi tsayi, wani daidai ne amma sai an hau matakala kafin a kai kansa. Masu shaguna suka bi shi da kallo, wani ma ya tambaye shi ko hukuma ce ta aiko shi rusau. Da ya koma gida ƙafafu a kumbure, matarsa ta ajiye masa ruwan ɗumi ta ce, "Malam, mutane na tsufa da carbi, kai kana tsufa da awon dakalin mutane?" Washegari ya sake fita.

A rana ta uku ya same shi, a unguwar maƙera, gaban wani tsohon sito da aka daina amfani da shi. Dakalin dutse ne da masu dako na dā suke lodi a kai, tsayinsa ya zo kan tsagar sandar cif, gefensa ɗaya kuma gangare ne mai sauƙi da aka yi don mirgina kaya. Matsalar ita ce lungun. Bas za ta shiga, amma da ƙyar, kuma dole ta manne da dakalin har ratar da ke tsakani ba ta wuce faɗin yatsu uku ba, in ba haka ba kan sandar yarinyar zai faɗa ciki. Baba ya kawo motar babu kowa a ciki ya yi ta gwadawa, ya shiga ya fita, maƙera sun bar aikinsu suna ba shi hannu. Madubi ɗaya ya fashe a wannan koyon, ya je da kansa ya faɗa wa ofis kafin a tambaye shi.

Da Baba ya ce likita ta nemi gida kusa da dakalin, dillali ya yi tsalle ya dire. "Haba likita, mace kamarki a unguwar maƙera? Ba baƙon da ke zama can, ƙarar guduma kaɗai ta ishe ki!" Likita ta je ta ga wani gida a ƙasa, babu bene, taku arba'in daga dakalin. Ba shi da baranda mai kallon ganuwa irin wadda aka yi ta kwaɗaita mata. Gimbiya ta taka daga ƙofar gidan zuwa kan dakalin ta dawo, ta sake komawa, sannan ta ce, "Mama, nan." Aka gama magana.

Saura sauka a makaranta. Barandar ginin tsayinta ya yi daidai, amma doka ta hana mota shiga tsakar farfajiya, kuma shugabar makaranta ba ta wasa da doka. Ta ce a'a. Baba ya ce to. Washegari ya tsaya a ƙofar ofishinta da sandarsa, ya gaishe ta, ya ce, "Ranki ya daɗe, maganar nan dai." Ya dawo jibi, ya dawo gata. Rana ta biyar ta ɗaga kai ta ce, "Baba, ba za ka gaji ba ko?" Ya ce, "Ni direba ne, ranki ya daɗe, hanya ɗaya nake bi kullum." Ta yi dariya ta sa hannu. Da wasu iyaye suka fara gunaguni cewa sabon lungun zai ƙara wa 'ya'yansu minti takwas, sai ya cire minti takwas ɗin daga lokacin shayinsa, ya riƙa fita da wuri.

Baba Direba, kai ne ka tsaya a wannan dakali safiya fiye da ɗari bakwai, da ruwa da sanyi, ba ka taɓa barin rata ta wuce yatsu uku ba. Kai ne ba ka taɓa juyowa ka kalle ta tana shiga ba, sai dai ka kafe ido a gaba ka ce, "An tashi lafiya, uwar ɗakina?" don kada yara su ga abin kallo ne. Gwanin lungu, na gaishe ka. Ba a rubuta wannan a takardar aikinka ba, ba wanda zai tuhume ka da ka ce motar haka aka ƙera ta.

Da lokacin ritayarsa ya zo, Gimbiya na da sauran shekara uku ta gama. Makaranta ta shirya masa walima, ya ce a dakata, bai gama ba. Sabon direban da aka ɗauka magidanci ne mai shekara goma sha biyar a kan sitiyari, yana ganin ba abin da za a koya masa. Baba ya kai shi lungun maƙera. Gwajin farko ya bar ratar da kare zai iya faɗawa ciki. Mako biyu suka yi suna zuwa, Baba na tsaye a kan dakali yana sa yatsunsa tsakanin dutse da ƙarfe yana cewa, "Sake." Sai da mutumin ya yi daidai sau goma a jere aka ba shi makulli.

Ranar Litinin ta farko Baba ya zo da ƙafa, ya tsaya a inuwar wata maƙera inda ba za a gan shi ba. Bas ta shigo, ta manne da dakali. Gimbiya ta hau gangaren tana ta labari da ƙawarta ta taga, ta dogara sandunanta ta shige, ko ƙasa ba ta kalla ba. Sai da ta zauna ta ɗaga kai ta ga ba shi ba ne a kan sitiyari. Wani maƙeri ya ce, "Baba, ka ga ba ta ma lura ba sai da ta zauna." Baba ya share ido da bayan hannu ya ce, "Abin da nake nema ke nan."

Mun gode, Baba Direba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa 'ya'yanka su sami mai tsaya musu yadda ka tsaya wa 'ya'yan baƙi. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, malami ne ko dillali ko mai zaman ofis, in baƙo ya zo da buƙatar da ba ta cikin takarda, kada mu yi saurin cewa ba yadda za a yi. Mu tashi daga kujera mu je mu duba tukuna.