Kwalbar da Baba Ya Daina Buɗewa

Ranar kasuwa na tsaya wurin mai haɗa turare a Bici. Ya buɗe wa wani mutum wata 'yar kwalba, sai ƙanshin mahaifina ya buge ni.

Muna yara, idan an gama girbin gero, Baba yakan sayi turare mai maiƙo wurin 'yan koli. Kwalbar ba ta fi tsawon yatsa ba, amma ita za ta kai shi wata kakar. Ranar Juma'a sai ya ɗiga a tafin hannu, ya shafa a gemu da wuyan riga, ragowar ya goga mana a ka. Mu bi shi masallaci ta cikin gonaki muna shinshina juna.

Da na tasa na tafi Kano, na samu tuƙin motar wani Alhaji. A can na san turaren Turai na fesawa, na matsa wa kaina na saya. Na zo gida da Sallah ina jin kaina. Baba ya miƙo hannu zai shafa mini nasa a gaban baƙi, sai na kauce. Na ce, "Haba Baba, wannan ai turaren gawa ne. A birni likkafani ake sa wa."

Bai yi faɗa ba. Ya goge hannun a tabarma, ya ce, "To, madalla." Daga ranar bai ƙara shafawa ba. Na sayo masa irin nawa, ya karɓa ya sa albarka, bai taɓa fesawa ba. Kullum ina cewa zan ba shi haƙuri idan na zo kaka.

Da ya rasu, Inna ta fito da 'yar kwalbar daga adaka, naɗe cikin likkafanin da ya tanada. Ta ce, "Ya ce ɗansa ya gaya masa amfaninta." Da hannuna na zuba masa.

Yau ido ya raba ni da tuƙi, na dawo 'yar gonar gado. Amma duk garin nan da turaren Turai aka san ni, ni kuwa ƙarfina bai kai ba. Sai in ɓoye tsohuwar kwalbata a aljihu in kai Bici, a ɗura mini kwaikwayonsa mai araha. Mai haɗawar yakan yi dariya ya ce, "Baba, kowa fa wannan yake sawa yanzu. Me za ka ɓoye?"

Gaskiyarsa. Samarin yanzu a fili suke saye, har su gaya wa juna wurin da ya fi sauƙi. Ni ne na kasa. Na san ran da na mutu 'ya'yana za su nemo kwalbar nan su fesa mini, suna ganin sun girmama ni. Har yau bakina bai buɗe na gaya musu abin da ke cikinta ba.