Shekarar da Maigidana Ya Ƙi Dashen Tumatir

Ko me zan manta a duniya, ban da shekarar da maigidana ya jingine fartanya ya ce ƙarshen duniya ya zo. A farkon shekarun dubu biyu ne, muna zaune a wani ɗan ƙauyen Kiristoci a ƙasar Bunkure. Ina ɗauke da cikin fari, kuma noman rani ne cinmu da shanmu.

Wani baƙon mai wa'azi ne ya sauka a garinmu, fastonmu kuwa yana kwance a asibiti a Kano. Baƙon ga zaƙin baki, yana magana yana hawaye. Ya ce an nuna masa Yesu zai dawo kafin watan ya mutu, don haka kowa ya bar aikin duniya ya tare a coci da azumi. Har yau ban ga laifin mutanenmu ba, tsoron Allah ne ya kai su.

Amma fa lokacin dashe ne! Irin da muka yafa ya isa cira, ruwa na gudu a kanal ɗin ban-ruwa, maƙwabtanmu Musulmi sun duƙufa, gonarmu kuwa ko tsuntsu. Na yi wa maigida magana, ya ce, "Wa zai tsaya cin tumatir?"

Na ce, "Ni da abin da ke cikina mana!"

Ya sa kai ya fice. Iri ya yi ta bushewa ina kallo, ga shi ko sunkuyo ba na iya yi.

Da abin ya ishe ni, na ajiye kunya na bi surukina gona. Dattijon cocinmu ne, kullum sai ya je addu'ar safe kafin ya wuce aiki. Na tarar da shi cikin laka har gwiwa. Na durƙusa na ce, "Baba, kai ba ka tsoron ranar ta same ka a nan?"

Ya yi dariya ya ce, "'Yata, ai nan Ubangiji ya ajiye ni. Na yi addu'ata, ba na riƙe da kowa a zuciya, ban tare ruwan maƙwabci ba. In ya zo yau, ya same ni kan aikina."

Wata ya mutu, sabo ya tsaya, aka nemi mai wa'azi aka rasa. Na tanadi maganganu cike da baki, amma da maigida ya shigo ya rame, ya zauna bakin ƙofa ya rufe fuska, sai tausayi ya kama ni. Kunu na dama masa.

Baba bai ce masa "na gaya maka" ba. Gona-gona ya bi yana roƙon ragowar iri wurin maƙwabta, suka ba shi da hannu biyu, wasu ma suka shigo gayyar da ya kira. Ya zo ya tsaya kan ɗansa ya ce, "Tashi, ɗauko fartanyarka, Ubangiji bai sallame ka ba tukuna."

Tumatir ɗin ya makara, bai yi kamar na kowa ba, amma da shi muka yi sunan jaririn da na haifa, muka kai damina.

Tun daga nan na daina tambayar yaushe Yesu zai zo. Na gane shiri ba a rana ɗaya ake yin sa ba. In na tashi da safe na yi addu'a, na shirya da wanda muka saɓa, na kama aikin da ke gabana da gaskiya, to ko yau ya ƙwanƙwasa, zan buɗe ba tare da fargaba ba.