A Gidan Baffa Babu Agola

Jiya a wajen suna a Ba'awa wani ya nuna yarinyar da matata ta zo gidana da ita, ya ce, "Agolarka ce?" Na ce, "'Yata ce." Sai na ji muryar Baffa ce ta fito daga bakina.

Baffa mijin mahaifiyata ne. Ina ƙarami ta shiga gidansa a garin Ƙofa tare da ni. Wata damina muna gasa masara a bukkar gona, hayaƙi na sa mu hawaye, ƙanensa ya miƙo min wadda ta ƙone, ya ce, "Ungo, agola." Baffa ya karɓe ta. Ya karya tasa gida biyu da yatsunsa masu kanta, ya hura, ya ba ni babban ɓarin. Ya ce, "Agola kalmar 'yan waje ce. Duk wanda ya sa hannu a akushina ɗana ne. Kada in ƙara ji."

Har ya rasu ba a ƙara ba. Ni ma, muddin ina numfashi, ba za a faɗe ta a gidana ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya karɓe shi kamar yadda ya karɓe ni.