Sandar Fuseni

Ni Alasan, ban taɓa juya wa kowa baya ba. Ku tambaya a Zogbeli, unguwarmu a Tamale. In na shiga rawar takai, ƙurar da nake tayarwa sai matan unguwar Nyohini sun kwashe shanya. Haka nake faɗa a teburin mai shayi, ana dariya, ni ma ina yi. To, ga yadda abin yake.

Ranar Alhamis ce, a ƙauyenmu, gabas da Tamale. Da yamma za mu yi takai a gidan biki. Ga wanda bai sani ba: maza ne ke yin da'ira, kowa da guntuwar sandar ƙarfe. Ka taka, ka doki sandar na gabanka, ka juya ka doki ta na bayanka. Shekara ashirin na bayana shi ne Fuseni. Tagwaye ne mu.

Ƙarfe bakwai na safe muna tsugune a ƙofar gida muna goge sanduna da yashi. Koko yana huci. Fuseni yana tsokanata, wai tumbina zai riga ni shiga fili.

Bakwai da kwata, ƙara ɗaya daga wajen rafi. Na ce tayar babur ce ta fashe. Sai ta biyu. Sai babu ƙidaya. Kaji suka watse. Rigimar gona ce ta shekaru, ran nan ta iso mana da bindiga da fetur. Rufin ciyawa na farko ya kama.

"Ku fita! Ta gonar doya!"

Matata ta riga mu da yara. Ni a gaba, Fuseni a baya, kamar kullum. Kunyoyin doya suna harɗe ƙafa. Ina jin numfashinsa. Ina jin silifas ɗinsa, fat, fat. Wajen ƙarfe takwas, kusa da wata kaɗanya, na daina ji. Ya kira sunana sau ɗaya. Ban juya ba. Na ƙara gudu.

Da azahar muka kai titi. Da la'asar wata motar doya ta kwashe mu. Sai da muka sauka a Tamale na dubi hannuna. Sanda ɗaya, mai jan zare a mariƙi. Tasa ce.

Shekara uku wuyana ba ya juyawa. A asibiti suka ce ba su ga komai ba. In an kira ni ta baya, da dukan jiki nake kewayowa kamar babbar mota. Barkwanci ban daina ba. Amma kullum bayan asuba ina wasa sandar nan a dutse, har ta yi tsini. Na san wanda nake wasa ta dominsa: mutumin da aka ce shi ya harbe Fuseni. Na san ƙofar gidansa.

Baba Ziblim, makaɗin ƙauyenmu wanda shi ma ya tsira, ya same ni a kai wata safiya. Bai yi wa'azi ba. Ya ce saura mutum ɗaya da'irarsa ta cika ranar Asabar, kuma ba a shiga da abu mai tsini, sai ka tsone idon na bayanka. Kwana biyu na yi ina zaginsa a ciki. Ranar Juma'a na kai wa maƙeri ya dakusar da ita. Har gobe ina jin haushin wannan.

Asabar, bayan la'asar, a wani fili a Zogbeli. Ganga ta tashi. Na doki sandar na gabana da ƙarfin da sai da ta fice daga hannunsa.

"A hankali! Bi ganga!"

Sai wurin juyi. Ƙafata ta kafe. Na bayana ya ɗaga sanda yana jira. Baba Ziblim ya riƙe kiɗan a wuri ɗaya, yana maimaitawa, yana maimaitawa.

"Juya!"

Na juya. Wuya ya yi ƙas. Wani tela ne daga unguwar Gurugu, siriri, ban san shi ba. Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Zagaye shida na yi ina kuka, batakarina, rigar saƙin da muke rawa da ita, ya jiƙe sharkaf. A na bakwai na ji ina dariya. Na ji kunyar dariyar, ban kuma daina ba.

Mu goma sha biyu ne a da'irar ƙauyenmu. Huɗu muka rage.

Da aka tashi na nufi tsohon ina haki. Na ce, "Baba, ka ga rawa? Har Kumasi sun ji ƙasa ta motsa."

Yana sassauta igiyar ganga, ko ɗagowa bai yi ba.

"Alasan, dama Fuseni ne ya iya. Kai dai ka zo Asabar mai zuwa."